Ƙarfen da ke Jinin Kubura

Malbaza, 3 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Kubura,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Ki gaida Zara ɗiyar Gwaggo da maigidanta, Allah ya saka musu da alheri kan riƙon da suke miki a Yamai. Ni lafiya lau, sai kafaɗa, ita kuwa aikin buhun siminti ne, ba ta hutawa sai Jumma'a.

Kin ce jan ruwan nan da suke ƙara miki, shimiyo ɗin, ya fasa miki baki, magana ta waya ta gagara. To ga takarda. Amma kada ki ɗauka ban gane ba, tun bakin bai fashe ba kike kashe mini waya, wai ina ihu. Ba ihu ba ne, Yaya, haka muryata take. Ke kinka rene ni bayan rasuwar Inna, da kin gyara ta tun ina ƙarami.

Na je Tajaye ran Jumma'a. Ɗiyarki Nazifa ta zubar da haƙori biyu na gaba, tana dariya kamar tsohuwa. Ta ce in tambaye ki ko likitan Yamai bai san damina ta yi ba. Gero ya fara fidda kai a gonar bayan maƙera. Baba Ɗan'azumi yana nan yana dukan ƙarfe, shi da ƙanen uba ne amma ya fi uban tsawa. Na buɗe ɗakinki don ya sha iska, sai na tarar har yanzu yana warin daddawar da kike yi. Na zauna bakin gado, haushi ya kama ni, ban san na mi ba, na fito na zagi akuyar maƙwabta.

Ga kwali na biyu na ƙwayar ƙarin jini wajen Sharifu direba. Tun da Zara ta ce jininki ya yi ƙasa na shiga Ƙonni na sayo a farmasi, ba wajen masu yawo da magani a faranti ba. Na farkon ya kamata ya kusa ƙarewa, in dai kina sha. Na rubuta a bayan kwali, ɗaya da safe, ban da gardama.

Kuma ki aiko mini da takardar awon jininki. Ban yi lakwal ba, ban taɓa zama a aji ba, amma wanda ya koyi karatu a jikin buhun siminti da bayan manyan motoci ba zai gaza da takardar likita ba. Ina son in gani da idona.

Ƙanenki,
Mahfuz

Yamai, 11 ga Agusta

Auta,

Na samu takardarka da kwalin. Ina gaishe ka da aiki. A takarda na fi jin daɗinka, don dole ka yi shiru har in gama.

An ƙara mini ruwa na huɗu, saura biyu, daga nan sai aikin cire nonon. Gashi ya tafi duka, har gira. Na daina duba madubi, sai in ga fuskar Babanmu ranar da ya yi aski.

Akwai maganar da nake son ka karanta kana zaune. Ranar da anka auna jinina, likitar ta dubi takarda ta yi magana da Faransanci da sauri, layi ya yi tsawo a waje. Wani mai allura da ke jin Hausa ya ce mini: "Ta ce ƙarfe ya yi yawa a jininki, za a sake dubawa." Shi ke nan, ya kira na baya.

Auta, ba a haife ka ba lokacin. Ina da shekara tara, Babanmu ba shi da ɗa namiji, ya tara samarin maƙera zai ba su maganin ƙarfe, na tauri, wanda wuƙa ba ta cin mutum. Na yi ta kuka sai an ba ni. Ya kai ni bayan rumbu, ya ba ni a ƙoƙo, mai tsami, ya ce kada in gaya wa kowa. Na sha. Tun daga ranar ban taɓa jin tsoron wuƙa ba.

Yanzu ga shi ya fito a awo. Kuma kwanan nan allura ba ta shiga hannuna. Wancan karon sau huɗu sunka soka kafin ta samu hanya, wata mai allura ta ce jijiyata ta yi tauri kamar igiya. Da bakinta ta ce tauri. To ka gaya mini, in wuƙar likita ba za ta ci ni ba, amai da zubar gashi da wannan wahala duk na mi ne?

Ina son in zo gida. Na aika wa Baba Ɗan'azumi saƙo ta bakin Sharifu, shi kaɗai ya rage da ya san yadda ake karya maganin. In ya karya, sai in ga abin da Allah zai yi. Ruwa na biyar ranar 29 ne, ina jin ba zan tsaya ba. Jiya anka yi ruwan sama a nan, na fito tsakar gida na shaƙi ƙasa, ba ta ƙamshi irin tamu. Ina son in ga gibin Nazifa kafin haƙoran su fito.

Ga takardar awon a ciki.

Yayarka,
Kubura

Malbaza, 16 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ba ni da lafiya ma, tun da na karanta takardarki jinina ke tafasa.

Ke da kinka yi lakwal har aji shida? Ke da kike karanta wa matan Tajaye takardun mazansu na ci-rani? Ki zauna a babban birni, gaban injinan da anka kawo daga ƙetare, ki ce mini sun hango ruwan ƙoƙo na shekara ashirin da shida?

Na bar aiki na hau mota na tafi Tajaye. Kin san abin da na tarar? Baba Ɗan'azumi zaune bakin maƙera, mutane kewaye da shi, yana cewa: "Ku ji fa, har Yamai ta shaida maganin gidanmu. Nasara ya auna, ya ga ƙarfe, ya ja da baya." Suna ta Allahu akbar. Wani har ya kawo ɗansa a ba shi. Baba ya ce ki dawo, shi zai kula da ke.

Na ce, "Baba, kula da mi? Da zugazugi?"

Ya ce, "Yaro, tun ba a yanke maka cibi ba nake wanga aiki."

Na ce, "To shi ya sa kake yanke yatsa duk kaka in kana wasa lauje? Ko naka maganin ya sha iska?"

Ya ajiye masaba, ya dube ni, ya ce in fita daga maƙerar uban da ban gada ba. Na fita. Ban yi nadama ba.

Na duba takardar. Akwai wata kalma, ferritine, an ja mata layi, lambarta ta haura ɗari tara, a gefe kuma an rubuta ƙasa da ɗari biyu ya kamata. Ban gama gane ta ba tukuna, amma ba a rubuta tauri ba ko wuri ɗaya, na bi ta harafi harafi.

Ki saurare ni. Kada ki zo. Ba mai son ganinki a Tajaye yanzu. In kinka hau mota kinka baro wannan ruwa na biyar, kada ki biyo ta Malbaza, ba zan fito bakin hanya ba.

Mahfuz

Malbaza, 25 ga Agusta

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki, ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki. Sau biyu Sharifu ya dawo daga Yamai hannu wofi. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce Zara ce ta karɓi takardar a ƙofa. Na kira wayarki, a kashe. Na kira Zara, ta ce kin ce a gaya mini kin ji, ba mai son ganinki.

Yaya, ba haka na rubuta ba. To, haka na rubuta, amma ba haka nake nufi ba. Ina nufin ba mai son ganinki da ciwon a jikinki. Kowace mota ta taso daga yamma sai na ɗaga kai da buhu a kafaɗa. Jiya na ga wata da mayafi mai ruwan ƙasa irin naki tana sauka, na saki buhu ya fashe, shugaban aiki ya yi ta zagina, karo na farko a rayuwata ban rama ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Shekaranjiya ina share ɗaki, na tsinci takardar da ke cikin kwalin ƙwayar da nake aiko miki, na cire ta ne don in karanta sannan na manta. A sama an rubuta Fer da manyan baƙaƙe. Na ɗauko takardar awonki na ajiye kusa da ita. F, E, R. Ferritine. Na buɗe tsohon ƙamus ɗina mai yagaggen bango: fer, ƙarfe.

Ba Babanmu ba ne, Yaya. Ni ne. Wata ɗaya da rabi ina ɗura miki ƙarfe, ɗaya da safe, ban da gardama. Ba likitan da ya rubuta, ba wanda na tambaya. Na shiga farmasi na ce a ba ni na ƙarin jini, anka ba ni, na fito ina jin ni wani ne. Na je na ci mutuncin tsoho gaban jama'a kan ƙoƙo ɗaya, alhali ni kwali biyu na aika.

Ki daina sha yau ɗin nan. Ki kai wa likitar kwalin, ki ce mata ƙanena ne, jaki ne mai karatun buhu, shi ya yi. In akwai abin da ake yi a cire, a cire. In jini ake so, nawa yana nan, sai dai a tace shi da rariya saboda siminti.

Ki zage ni, amma ki rubuto. Ko layi ɗaya.

Autanki,
Mahfuz

Yamai, 30 ga Agusta

Auta,

Lafiyata da sauƙi, bakin ya fara warkewa, jiya na ci tuwo. Zara na gaishe ka, ta ce ka rage kira, wayarta ta gaji.

Takardarka ta ranar 16 ta yi mini ciwo fiye da allura. Sai na ce to, in ba mai son ganina, ai Nazifa ba ta iya rubutu ba, ba ita ta faɗa ba. Na ɗaure kayana. Ranar 28 da safe ina zaune kan jaka ina jiran mai adaidaita ya kai ni tasha, sai ga Sharifu da takardarka ta ranar 25.

Na yi dariya har bakina ya yi jini. Auta, ƙwayarka guda biyu kawai na sha, tun watan jiya. Ta tayar mini da zuciya, na bari. Ban gaya maka ba don na san halinka. Kwalayen suna ƙarƙashin matashina. In kewar gida ta dame ni sai in ɗauko in karanta "ban da gardama" ɗin da ka rubuta, in ji kamar kana tsaye kaina kana faɗa.

Amma na ga ba za ka yarda ba sai an wanke ka. Na kwance kaya, na ɗauki kwalayen da takardarka, na je na zauna ƙofar likitar, na ce ba zan tashi ba sai an yi mini bayani da Hausa. Anka samo wata ma'aikaciya, Yasmin, ƴar Illela ce, daga jin maganata ta ce, "Ke ta wajenmu ce." Ta zauna da ni.

Ta ce wannan ferritine kamar rumbu ne da jiki ke ajiye ƙarfe a ciki. In jiki yana faɗa da ciwo, ko magani mai ƙarfi ya gajiyar da hanta, ko an ƙara wa mutum jini kamar yadda anka ƙara mini leda biyu, sai rumbun ya cika, jiki ya rufe shi. Shi ya sa za a ga rumbu cike amma jini ya yi ƙasa, kamar gidan da anka liƙe hatsi ana jiran abin da zai faru, tukunya kuwa wofi. Ta ce suna ganin haka ga masu shimiyo, za su ƙara wani awon su bi shi a hankali, kuma bai hana aiki. Ƙwayarka ta ce kada in sha sai likita ta rubuta, kuma a gaya maka ka bar aikin likita ka riƙe na buhu. Jijiyar hannu kuwa, ta ce jan ruwan ne ke busar da ita, za su koma ɗaya hannun.

Na ba ta labarin ƙoƙon. Ba ta yi dariya ba. Ta ce kakanta ma ɗan tauri ne.

An ɗaga mini ruwa na biyar zuwa ranar 5. Kaina ya yarda da Yasmin, Auta, amma cikina bai yarda ba. Ni na sha abin nan, ni na san tsaminsa. Ba zan kwanta gaban wuƙa da shi a jikina ba. In kana son in tsaya, ka koma Tajaye, ka durƙusa gaban Baba, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya karya shi daga can, ko ya aiko da abin da zan sha. In Sharifu bai kawo mini amsa ba kafin ranar 5, kayana ba su da wuyar ɗaurewa.

Yayarka,
Kubura

Malbaza, 2 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ki gaida Yasmin, ki ce mata ɗan buhu ya ji.

Na je. Daga bakin hanya zuwa maƙera na tsaya sau uku ina cewa in koma. Na tarar da shi shi kaɗai, yana gyaran lauje, yatsansa ɗaure da tsumma. Na cire takalmi, na durƙusa. Gwiwata ba ta san wannan aikin ba, har ƙara ta yi.

Na ce, "Baba, na yi laifi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ja zugazugi."

Na ja. Na ja har gumi ya jiƙa ni. Sai da ƙarfen ya yi ja ya ce, "Mi ta ce?"

Na karanta mishi takardarki duka, har wurin jaki, a'a, wannan tawa ce. Da na kai wurin da kinka ce ba za ki kwanta gaban wuƙa ba, ya ajiye awartaki. Sannan ya ce:

"Ba abin da za a karya. Ni na jiƙa mata shi da hannuna. Tsamiya ce da ɗan toka. Yarinya ta hana mu aiki da kuka, ubanku ya ce, Ɗan'azumi, haɗa mata wani abu ta yi shiru. Ba mu ba ɗiya mace wannan magani a gidanmu."

Yaya, na ji bakina ya cika da magana, kin san ni. Na haɗiye. Na ce a hankali, "To Baba, don mi ka tara mutane kana cewa Yamai ta shaida?"

Ya ce, "Uwarku can anka kai ta, ba ta dawo ba, ban ga kabarinta ba har yau. Na ce in wannan maganar za ta kawo mini Kubura gida, to bari ta kawo ta."

Sai ya goge ido da tsumman yatsa, ya bar baƙin gawayi a fuska, ya daka mini tsawa wai na bar wuta ta mutu.

Ya ce in gaya miki ki tsaya a yi miki abin da za a yi, shi ya yafe ganinki sai bayan kaka. Ya rantse da kabarin Babanmu kan tsamiyar, ba ni na sa shi ba. Nazifa ta ba ni haƙorinta ɗaya da ta ɓoye, ta ce a kai miki ki gani tunda kin ƙi zuwa. Yana cikin ƙullin leda, kada ki ɗauka ƙwaya ce ki haɗiye.

Ranar 5, Yaya. Don Allah.

Mahfuz

Yamai, 7 ga Satumba

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. An ƙara mini na biyar shekaranjiya, a hannun hagu. Allura ta shiga karo ɗaya. Ina kwance, amai ya dawo, rubutun zai karkace, ka yi haƙuri.

Tsamiya! Shekara ashirin da shida ina yanka albasa a tafin hannu, ina shiga tsakanin masu faɗa a rijiya, na binne miji ban faɗi ba, na rene ka da bakinka, duk ina jin akwai abin da Babanmu ya sa mini. Ka ce wa Baba bai kyauta ba. Ka ce mishi kuma na gode.

Haƙorin Nazifa yana cikin kwalinka, ƙarƙashin matashi.

Saura ruwa ɗaya, sannan aiki, sun ce wajen ƙarshen Oktoba, lokacin an gama yankan gero. Ga abin da ban gaya wa Zara ba. Da ina tsoron wuƙar ba za ta shiga ba. Tun da na karanta takardarka nake tsoron za ta shiga. Ban san haka sauran mutane suke ji ba.

Ka nemi izini wajen aiki tun yanzu. Ka zo ranar. Ba za su bar ka ka shiga ba, na sani, kuma na san ba za ka yi shiru ba. Ka tsaya bakin ƙofa ka yi ta faɗa da mai gadi, da ƙarfi, yadda ka saba. Ina son in ji muryar gida kafin su sa ni barci.

Yayarka,
Kubura